Kuɗin Hanyar da Na Rage

Laraba, 11 ga Yuni

Yau na tura wa Mai Kekuna kuɗin kawunan keken ɗinki goma sha biyu. Shekara uku ina sayen kaya a wajensa, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Yana can wata ƙasa, saƙo kawai muke yi, kuma da kirifto, kuɗin nan na intanet, yake karɓar biya. Kwana huɗu na yi ina murɗa shi kafin ya sallama. Ba a banza 'yan layinmu ke kirana Rage-mini ba, ni kuwa ban ga abin kunya a sunan ba.

Da na zo turawa sai manhajar walat, asusun kirifton da ke wayata, ta yanka mini kuɗin hanya, ladan da ake biya kafin kuɗi su wuce. Na ga ya yi yawa. Can ƙasa akwai ɗan akwati da mutum zai rubuta nasa da hannu. Ashe har da waya ana ciniki! Na mayar da shi kashi ɗaya cikin huɗu, ta karɓa ko albarka ba ta ce ba. Abin da na tsira da shi bai wuce kuɗin lemo kwalba ɗaya ba, amma dai nawa ne.

Alhamis, 12 ga Yuni

Mai Kekuna ya ce bai ga komai ba. Wayar ta rubuta "ana jira", wani ɗan zobe sai juyawa yake. Na duba, kuɗin suna nan ba su ragu ba, na ce to ai ba su tafi ba ke nan. Na sake turawa, wannan karon na bar musu kuɗin hanyarsu cif, raina yana suya. Har la'asar shiru. Na tura na uku. Yanzu zobe uku ke juyawa.

Juma'a, 13 ga Yuni

Dole ta kai ni wajen Injiniya, mai gyaran waya na ƙarshen layi. Tun bara da na raba kuɗin aikinsa biyu ya ce kada in sake kawo masa ko caja. Na tarar da shi da gilashi a ido yana ƙona wata waya da dalma. Ya karɓi tawa da yatsu biyu, ya duba, ya cire gilashin.

"Hajiya, sau nawa kika tura?"

Na ce uku, amma ai duk sun mutu.

Ya ce ba wanda ya mutu. Motoci uku ne a kan siririyar gada, ta gaba ba mai, na bayanta tanki cike. Duk ranar da cunkoso ya ragu, ɗan abin da na biya ya isa, ta gaba za ta wuce, sauran su bi ta a guje. Mai Kekuna ya karɓi kuɗinsa sau uku. Wai kuma ƙarshen mako ne hanyar ta fi yin sauƙi.

Nawa a walat ɗin nan biya ɗaya ne kacal. Sauran na Auta ne, ƙanwata, tarin shekara biyu na aikin jinya, na karatun ungozoma da za a rufe rajistarsa ranar ashirin ga wata. Da ta kawo mini ajiya cewa ta yi, "Yaya, ke ce kuɗi ba ya zuba a hannunki."

Na ce a kwashe nata a kai wani wuri. Ya ce duk abin da na tura yanzu bayan layi zai tsaya. Dabara ɗaya ce: a tura saƙon da ba komai a ciki daga ni zuwa ni, da lambar layin wanda ake son kashewa, a biya masa kuɗin hanya mai tsoka, sai ya danne wancan. To shi kuɗin hanya da wata tsabar kirifto daban ake biyansa, ni kuwa 'yar kaɗan na saya tun farko, don me zan tara abin da ba a sawa a baki. Ta isa a danne guda ɗaya kawai. Ya danne na ukun a gabana. Saura na biyu.

Shi ba ya ajiye tsabar. Mai Canji na bakin titi ke sayarwa, kuma ya rufe sai gobe. Injiniya ya ce in kasance a ƙofarsa kafin ya buɗe, ko nawa ya ce in biya.

Da yamma Auta ta biyo daga asibiti, ta cire takalmi ta miƙe a kan tabarmata tana ba ni labarin hotunan fasfo da ta ɗauka. Na ce sun yi kyau. Ban iya kallon idonta ba, sai na kama ninke wankin da na riga na ninke.

Asabar, 14 ga Yuni

Bari in rubuta yadda aka yi, ba ragi.

Bakwai da rabi ina ƙofar Mai Canji. Takwas ya buɗe. Ya faɗi farashi, na san ya ɗora, don ya ga fuskata. Na ce haba. Ya ce haka kasuwa take. Na ce jiya ba haka ba ne. Ya ce to in koma jiya in saya. Wallahi na san me ke gabana, na ji muryar Injiniya a kunnena, amma bakina ya riga ya kama hanyarsa. Har juyawa na yi kamar zan tafi, don ya kira ni. Ya kira ni kuwa, ya rage ɗan wani abu. Na ji daɗi. Wannan ne ba zan manta ba, na ji daɗi.

Ina buɗe jaka wayar ta yi ƙara. Kafin in ɗago ta sake yi.

Na farko ya wuce ƙarfe takwas da minti goma sha tara. Na biyu ya bi shi a minti ɗin. Rabin kuɗin Auta.

Na isa wajen Injiniya da tsabar da ba ta da sauran amfani. Ya dubi lokacin, ya dube ni. Bai tambaye ni inda minti ashirin ɗin suka shiga ba, shi ma ɗan layin ne. Ya ce abin da ya wuce a wannan hanya ba kamfani, ba hukuma, ba mai dawo da shi. Sai dai wanda ya karɓa ya ga dama.

Lahadi, 15 ga Yuni

Ban buɗe shago ba. Garin neman gira.

Litinin, 16 ga Yuni

Na rubuta wa Mai Kekuna, na goge, na sake, sau biyar. A ƙarshe na ce kuskure ne, na biyun na ƙanwata ne, na makaranta. Alama ta nuna ya karanta.

Ina jiran amsa na yi ta jan hirarmu sama. Rage mini. Ya yi tsada. Wani ya ba ni ƙasa da haka, alhali ba wani. Ban ga wuri ɗaya da na ce masa na gode ba. Sai na iso kan keken nan na bara mai karce a gefe, wanda na zaftare masa kashi ɗaya cikin biyar na ce haka ya zo. Ba haka ya zo ba. A shagona ya faɗo daga kanta, ni da Allah muka sani.

In ni ce shi, da na mayar? Na rufe wayar.

Talata, 17 ga Yuni

Na gaya wa Auta. A tsakar gida, tana wanke fararen kayan aikinta. Ta saurara har ƙarshe, hannunta cikin kumfa.

"Nawa kika rage, Yaya?"

Na ce kamar kuɗin lemo.

"Ai da kin ce mini ƙishirwa kike ji, da na saya miki."

Ta ci gaba da wanki. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Ni na goya yarinyar nan bayan rasuwar Inna, yau na tsaya a gabanta ban san inda zan ajiye hannuwana ba.

Laraba, 18 ga Yuni

Shiru. Wani ya turo mini saƙo wai shi ƙwararre ne, in ba shi kalmomin sirrin walat zai dawo da komai. Saura kaɗan. Injiniya ya ce in na ba shi, sauran rabin ma sai dai labari. Na sa kekunan da ba su ma iso ba a kasuwa, ba mai saye cikin kwana biyu sai da faɗuwa. Wani ya taya, ya ce in rage masa. Na ji kalmar kamar mari.

Alhamis, 19 ga Yuni

Ina auna wa wata zare wayar ta yi ƙara. Kuɗin sun dawo, cif, ko ƙwandala ba ta ɓare ba. Saƙon Mai Kekuna ya biyo baya: ya yi tafiya ne jinyar mahaifinsa, na'urar da yake turawa da ita tana gida. "Kuɗin hanya ni na biya, na biya cikakke don kada ya tsaya. Ki gaishe da ƙanwarki, ta yi karatu da kyau."

Na shiga bayan kanta na zauna a kan kwalin zip na yi kuka. Mai zaren tana ta sallama.

Juma'a, 20 ga Yuni

Auta ta yi rajista. Daga can ta wuce wajen Injiniya ya buɗe mata walat nata na kanta. Ta ce, "Ba don komai ba, Yaya, don in koya ne." Na ce haka ya kamata. Ni na tura mata ragowar, na bar akwatin nan na kuɗin hanya yadda na same shi.

Litinin, 23 ga Yuni

Kekuna sun iso lafiya. Mai Kekuna ya turo farashin sababbin allurai. Ya ɗan yi sama, ni na san ya yi sama. Na rubuta "rage", na tsaya ina kallonta, abokin ciniki ya shigo, da na dawo sai na goge. Sauri nake yi, shi ke nan.

Da na zo biyan alluran na haɗa masa da wani ɗan abu a kai. Ya tambaya ko wani kuskuren ne kuma. Na ce a'a, na keken bara ne mai karce. Bai tuna ba ma.

Da yamma na aika wa Injiniya kuɗin aikinsa yadda ya faɗa. Wai sai da ya ƙirga sau biyu, ya leƙo layi yana tambaya ko lafiya nake. Lafiyata lau. Gobe ma akwai mai kawo maɓallai, shi kam zai ji a jikinsa. Ina jin dai.