Sunan Da Na Canja A Kunnen Liman

Assalamu alaikum mai kula da wannan shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku fara zagina ku bari in kai ƙarshe.

Ni magidanci ne a Limawa cikin Dutse, amma gidanmu yana Ringim, can mahaifiyarmu Hajiya take. Mu biyu ne maza a wurinta. Ni na gaji koyar da karatun allo daga mahaifinmu marigayi, ƙanina kuwa boko ta kai shi har Wales a ƙasar Birtaniya, ya dawo mana da digiri da mata baturiya. Ta musulunta, tana durƙusawa ta gaida Hajiya da gurguwar Hausarta, kowa sai lallaɓa ta yake. Ni dai ban taɓa ƙaunarta ba, kuma ba ta yi min komai ba. 'Ya'yana huɗu duk mata, ita kuwa cikin farko sai ga namiji. Wa zan gaya wa wannan ya yi min ciwo bai yi min dariya ba?

Tana da ciki wata bakwai mahaifinta ya rasu, ba ta samu zuwa ba. Da ta ji mu ma muna mayar da sunan iyaye, sai ta roƙi mijinta a saka wa yaron sunan tsohon, wai Gethin. Ku ji fa, Gethin! Kamar sunan maganin feshin gona. Ana gobe suna da la'asar ƙanina ya same ni a Ringim, tunda ɗan fari ne, kunya ba za ta bar shi ya faɗa wa liman sunan da bakinsa ba. Ya ce, "Yaya, Muhammad Gethin za a saka. Na tambayi malamai, ba sunan gunki ba ne." Na ce, "Hajiya ta sani?" Ya ce, "Kai za ka faɗa mata, ta fi jin maganarka." Na ce to, kuma ko kusa da ɗakinta ban je ba.

Da safe zaure ya cika, ana rabon goro da dabino, liman ya miƙo min kunne. Na raɗa masa, "Haruna." Sunan mahaifinmu ke nan, wanda na yi shekaru ina jiran in samu ɗan da zan saka wa. Na ga in ni ban samu ba, to ita ma ba za ta samu nata ba. Liman ya sanar, aka shafa fatiha, aka yanka rago. Ƙanina ya ɗago ya dube ni. To me zai yi? Ya miƙe a gaban dattawa ya ce ba ya son sunan ubansa?

Da aka watse ya ja ni bayan gida. "Yaya, me ya faru?" Na ce, "Hajiya ce. Ta ce in aka saka wa jikanta sunan kafiri ba ta yafe maka nononta ba, kuma kar ka kuskura ka tayar mata da zancen." Ya yarda, don ban taɓa yi masa ƙarya ba. Ita kuma matar, da na shiga yi mata barka, tana rungume da jaririn ta ce, "Yaya, ina Gethin?" Na ce, "Ai ya mutu a garinku, a can za a bar shi." Ta gane sarai. Na ga hawayenta na ɗiga a kan zanen yaron, kuma ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji.

Yau shekara ɗaya da rabi. Ƙanina ba ya zuwa Ringim sai da sallah, ya gaida Hajiya daga bakin ƙofa ya juya. Matar ba ta sake taka gidan ba, yaron ma Hajiya ba ta ƙara ɗaukarsa ba, alhali ba ta da zance sai na mai sunan Malam. Ta ɗora laifin a kan baturiya, ni kuma ina zaune ina taya ta, har da cewa, "Ai dama na faɗa." Wane irin mutum ne ni?

Yanzu Hajiya na kwance, ko zama sai an tayar da ita. Jiya ta riƙe hannuna ta ce, "Kai ne babba, je ka same shi. Ka ce na yi ta tunani ban gano abin da na yi masa ba, amma ko mene ne ya yafe min, ya kawo min yaron in gani." Uwa ce fa take neman gafarar ɗanta, kuma ni ta aika.

Na dawo Dutse, inda shi ma yake zaune, na wuce ta ƙofar gidansa sau biyu ban tsaya ba. In na faɗi gaskiya na rasa su duka biyun, in na yi shiru za ta iya tafiya tana jira. Jama'a, ku faɗa min, ya zan yi da wannan saƙon?