Taku Biyu Bayan Layi

Asabar, 1 ga Disamba, 2007, Al Gharrafa, ƙasar Qatar

Yau ko buɗe littafin soyayyata ban yi ba, don maigidana ya dawo daga gadin mol, wato rukunin manyan kantuna, da labarin da ya fi littafin. Wasu samari uku ne suka kafa tebur a ƙofa suna raba takardun wayar da kai kan ƙanjamau. Manaja ya ji an ce masu taimakon 'yan luwaɗi ne, ya ce, "Khalas, shi ke nan, kore su ko ka ajiye kaki."

Maigidana ya fitar da su. Amma ya san daidai inda filin mol ya ƙare, sai ya ɗauki teburin da kansa ya ajiye taku biyu bayan layin, a inuwa. Manaja ya yi ta harara.

Muna cin tuwo yake ba ni labarin, shi ne na yi ta maza na faɗi abin da nake ɓoyewa: yayana Bala a Kaduna yana da ciwon, irin waɗannan mutanen ne ke raka shi karɓar magani. Na zaci zai tsame hannu daga tuwon.

Ya ce, "Safiya, na sani tun kafin a kai lefe. Ƙaro min miya."

Na ƙaro masa, zuciyata wasai.