Gafakar Baba Ta Zama Gidan Bindiga

Umdurman, Sudan, 4 ga Rajab, 1374

Zuwa ga Yaya Sabo, Yakasai.

Ina gaishe ka, ina gaida mutan gida duka. Yaya ƙafar Gwaggo? Ni lafiya lau. Wankau nake yi har Allah Ya buɗe hanyar Makka. Hannuwana sun ɗan tsattsage, amma ba komai.

Wani maniyyaci ɗan unguwarmu ya ba ni labarin da ya hana ni cin abinci. Wai ɗana Ilu, magidanci mai 'ya'ya biyu, ya zazzage littattafan marigayi Baba a ƙasa, ya yanka gafakar, ya ɗinka gidan bindiga irin na kaboyin silima. Tir!

Na san abin da ya ruɗe shi, don daga saman gidan da nake ana hango allon silimar nan. Kullum dutse ɗaya, ƙauyen katako ɗaya. Ƙato ya wuni bisa doki, ko baki bai kurkure ba. Wanda aka harbe ran Talata, ran Alhamis ya dawo da sabon gashin baki, maza na ta ihu. Ba Turancin suke ji ba. So suke su ga wani ya rama duka, tunda su ba su iya ramawa.

Don Allah, Yaya, ka kwashe littattafan kafin gara ta kai gare su, musamman wanda Baba ya kwafa da hannunsa. Ka ba Safiya, ƙanwar Ilu. Na san Ilu aka bar wa, kuma za a ce ai ita mace ce. A ce ɗin. Ita ke buɗe su.

Allah Ya shirye shi, Ya saka maka da alheri.

Ƙanwarka,
Turai