Tudun Zarwali

Ammi,

Assalamu alaikum. Yaya gwiwarki? Tarin ƙanwata Palwasha ya lafa?

Aikinmu na tuƙi a hamadar Dubai ba wuya. Mu rage iskar taya, mu hau tudun yashi da 'yan yawon buɗe ido, mu gangaro a karkace. In ba su yi ihu ba, sai maigida ya ce, "Kai, jaki kake kora?"

Ranar Talata motar Zarwali, ɗan maƙwabciyarmu, ta kife. Baƙin sun tsira, shi kuwa har yau ƙafafunsa ba sa motsi. Yanzu ni aka ba tudunsa.

Ya riƙe hannuna a asibiti ya ce, "Ɗan'uwa, a gaya wa tsohuwata lafiyata ƙalau."

To, ki gaya mata hakan. Ki sa mu a addu'a.

Ni ma lafiyata ƙalau.

Ɗanki,
Sherbaz