Uwar Jahanzeb

Litinin, 4 ga Maris

Yau dai waya ta yi ƙara, kuma ba masu tallan sabulun bilicin ba ne. Madam Farkhanda ce da kanta, furodusa. Rabon da wani a Karachin nan ya kira ni aiki tun kafin babbar salla. Ta ce, "Gulrukh, ina kika shige ne? Ina da wasa mai dogon zango, duk nauyin labarin a wuyanki yake. Jahanzeb ne jarumin."

Jahanzeb! Da shi na fara fitowa, har 'yan jarida suka yi ta ɗaura mana aure ba da saninmu ba. Na ce to Madam, bari in duba lokacina. Lokacina wai. Ni da nake yini ina kallon fanka.

Ammi, mahaifiyata, ta yi nafila, ta sa aka sayo alewar madara aka raba wa maƙwabta. Na ce Ammi ki bari a sa hannu tukuna. Ta ce, "Rufe min baki, Gullo, bakinki ba ya faɗin alheri."

Alhamis, 7 ga Maris

Takardun wasan sun iso. Sitara sunan jarumar, 'yar jami'a, marainiya, kuka a kowace fitowa. Kuka kuwa sana'ata ce. Duk ƙasar nan babu mai zubo hawaye ta ido ɗaya kwalli bai ɓaci ba sai ni. Akwai wata uwar miji a ciki, Begum, mai baƙin hali. Ban ma tsaya karanta nata ba, ina ruwana.

'Yar jami'a dai. Na daɗe a gaban madubi. Shekaruna talatin da bakwai. A jarida ashirin da tara ne, Ammi ce ta tsayar da su a nan, kuma ta fi 'yan jaridar yarda. In mai fitilun wurin ɗauka ya so ni, zai yiwu.

Asabar, 9 ga Maris

Rage ƙiba nake yi: babu shinkafa, babu gurasar paratha, sai ruwan zafi da lemon tsami. Ammi tana cin biryani a gabana ko kunya babu.

Talata, 12 ga Maris

Na bi ta babban titi. Allon tallan yadin bazara da na shekara da shekaru a kansa, yanzu wata yarinya ce mai dogon wuya, Minahil. Ko riƙe mayafi ba ta iya ba, ta cukuikuye shi kamar tsumman goge tebur.

Mai tasi ya yi ta leƙe na ta madubi, har na fara gyara zama. Can ya ce, "Baji, yayata, wallahi na san fuskarki. Ba ke ce malamar 'yata ba?" Na ce ka kula da hanya.

Na haddace rabin maganganun Sitara.

Juma'a, 15 ga Maris

Ya Allah. In ban rubuta ba kaina zai fashe.

Yau aka yi zaman karatun farko a ofishin Madam. Na sa farar riga, na saki gashi, ba jan-baki sosai, irin na 'yan makaranta. Kowa ya miƙe ya gaishe ni. Har da Minahil ɗin nan tana wurin, na ce a raina ƙanwar jaruma aka ba ta, ba laifi. Jahanzeb ya ce, "Gullo, ba ki canza ba." Na ji daɗi, kaicona.

Darakta, Tabish Sahib, ya ce, "Fitowa ta farko. Sitara, bismillah."

Na buɗe baki. Minahil ma ta buɗe baki. Murya biyu, magana ɗaya. Ni ma ko takarda ban duba ba, da ka nake zubowa, har na kai ƙarshen layin ni kaɗai saboda ita ta yi shiru. Tabish Sahib ya kafa wa kofin shayinsa ido. Jahanzeb ya zaro waya. Yarinyar ta yi tsuru-tsuru kamar ita ce ta yi laifin.

Madam ta kamo hannuna muka fita baranda. Ta ce, "Haba Gulrukh, na ɗauka kin gane. Begum ce taki."

Na ce wace Begum?

"Uwar Jahanzeb."

Na ce, Madam, Jahanzeb ya girme ni. Lokacin da yake aske gemu ni ko kitso ban iya yi wa kaina ba.

Ta ce, "Shi namiji ne." Haka kawai, kamar tana gaya min farashin tumatir. Sannan ta ce in yi tunani, za su fara ɗauka farkon wata.

Ban san yadda na sauko matakalar ba. Na bar jakata a can, sai da direbanta ya kawo min.

Asabar, 16 ga Maris

Ban fito daga ɗaki ba. Na ce wa Ammi ciwon kai.

Lahadi, 17 ga Maris

Na gaya mata. Tana tsintar wake, ta kife farantin gaba ɗaya.

"In ke kin zama uwar Jahanzeb, ni kuma na zama me? Kakar wannan ƙaton?"

Na yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ammi ba ta yi dariya ba. Ta ce abin da kowa ya sani: duk wadda aka shafa wa fari a gashi sau ɗaya, ta tafi ke nan, ba mai sake ba ta jaruma. Ta tuna min Shamshad Apa, wadda maza suka taɓa fasa ƙofar silima a kanta. Sau ɗaya ta yarda ta yi uwa don ta taimaki wani darakta, daga nan har ta mutu tana riƙe da carbi a bayan jarumai tana cewa "ɗana, ka ci abinci."

Ammi ta ce, "Shekara ashirin ina ɗaukar jakar kwalliyarki ina zama a rana. Ba don wannan ba." Na yi mata alkawari ba zan yi ba.

Laraba, 20 ga Maris

Na kira kowa. Kowa! Har waɗanda na rantse ba zan sake gaisarwa ba. Wani yana taro, wani yana Dubai, wani wayarsa ta faɗa ruwa amma ya ɗauka ya gaya min. Wani darakta da ya taɓa jiran awa guda a ƙofar gidanmu da fure ya ce, "Apa, ai mun ji kin koma wajen Madam kina uwa, mun taya ki murna." Apa, wai babbar yaya! Ni!

Ashe labarin ya riga ya zaga gari. Ban karɓa ba, amma an riga an shafa min farin.

Asabar, 23 ga Maris

Na karɓi waƙa a wajen sa lalle, abin da na ce na bari har abada. Gidan masu kuɗi, fitilu har kan bishiya. Muryata tana nan, wannan kam babu mai ƙwace min. Na rera tsohuwar waƙata, tsofaffin mata suka yi ta gyaɗa kai, wata har da share hawaye.

'Yan matan kuwa suna ta danna waya. Kafin in ƙarasa baiti na ƙarshe ƙanen ango ya sa aka kunna kiɗan na'ura a kaina. Na tsaya riƙe da makirufo ina murmushi kamar sakarya.

Uwar amarya ta rungume ni ta ce, "Tun ina amarya nake kallonki a talabijin." 'Yarta ce fa ake aurarwa. Ta ba ni abinci a leda in kai gida.

Talata, 26 ga Maris

Jahanzeb ya kira. "Gullo, kar ki ɗauki abin da zafi. Wallahi ni ma ban ji daɗi ba."

Na ce to ka ce ba za ka yi ba.

Sai ya fara zancen yara da makaranta. Na ce ka gai da mai rina maka gashi, yana ƙoƙari. Na kashe wayar.

Bayan nan na zauna ina jira ko zai sake kira. Bai kira ba.

Alhamis, 28 ga Maris

Ammi ta ja ni hubbaren waliyyi na bakin teku. Zafi, cunkoso, gwiwarta na ciwo amma ta hau matakalar nan duk. Ta ɗaura zare a jikin taga kamar yadda masu neman biyan buƙata suke yi, tana motsa baki. Na matsa na ji tana roƙon Allah ya fito wa Minahil da ƙuraje. Na ce Ammi ki ji tsoron Allah. Ta ce, "Ƙanana na ce."

Ni da na ɗaga hannu na rasa abin roƙa. In ce a mayar da ni 'yar ashirin? Ina aji huɗu na sakandare aka cire ni aka tsayar gaban kyamara. Ban iya ɗinki ba, ban iya ciniki ba, auren da na yi bai kai shekara ba saboda mijin ya ce in zaɓa, shi ko fim, na zaɓa. In babu wanda zai ce "fara" in fara, ban san me zan yi da safiya ba. Tsoro nake ji, tsoro sosai.

Asabar, 30 ga Maris

Na karanta ɓangaren Begum, don dai in ga iyakar wulaƙancin.

Matsalar ita ce an rubuta ta da kyau. Sitara kuka kawai take yi daga farko har ƙarshe. Ita wannan kuwa akwai wurin da take wanke rigar mijinta da ya mutu tana zaginsa. Na gwada a banɗaki, na rage murya don kar Ammi ta ji. Tsigar jikina ta tashi. Na ji haushin kaina.

Madam ta turo saƙo: Litinin, ko ta nemi wata.

Litinin, 1 ga Afrilu

Na ce to.

Ammi ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ɗauko jakar kwalliyar ta ajiye a bakin ƙofar ɗakina ta ce, "Uwaye ba sa zuwa aiki da uwarsu." Ta shige ta rufe ƙofa.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Ranar farko, kuma karon farko da na je wurin ɗauka ni kaɗai.

Liyakat mai kwalliya, wanda ya san fuskata fiye da ni, ya tsaya da buroshi a hannu ya kasa farawa. Ya ce, "Baji, ki yafe min." Na ce shafa mana, ko gawa aka ba ka? Ya shafa. Na rufe ido har ya gama.

Motar hutawa mai sanyi ta Minahil ce. Ni kujerar roba aka nuna min a ɗakin da kawunnai da goggonnin wasa suke zama suna zancen ciwon suga. Sun matsa min wuri da murna, abin da ya fi ɓata min rai ke nan.

A fitowata ta farko Jahanzeb ya shigo ya ce min "Ammi" da wannan bakin da ya taɓa kira na abin ƙaunarsa a gaban duk ƙasa. Takarda ta ce in mare shi. Tabish Sahib ya ce a yi na wasa. Ban yi na wasa ba. Aka ce ya yi kyau, ba sai an sake ba.

Na dawo gida, Ammi ta bar min abinci a rufe, ita tana ɗaki.

Talata, 9 ga Afrilu

Tabish Sahib ya yi wa Minahil tatas yau a gaban kowa. Wurin da Sitara za ta yi kuka ne, an yi ta maimaitawa hawaye ya ƙi zuwa, ruwan da ake ɗigawa kuma ya sa idonta ya yi jawur. Ya ce an kawo masa sandar rataye kaya an ce jaruma ce. Ni dai ina zaune ina jin daɗina, ko dai ina ƙoƙarin ji.

Da aka tafi cin abinci na zaga baya in sha iska, sai na tarar da ita a tsugune bayan janareto tana kuka na gaske, irin mai majina. Na ce yanzu da ba kyamara kika iya? Ta miƙe a firgice. Ashe ita kaɗai take a garin nan, daga Sahiwal ta zo, ɗaki suke rabawa da wasu 'yan mata. Ta ce tun ranar karatun nan take jin kunyar haɗa ido da ni. Na ce bar wannan. Na nuna mata yadda ake yi: kar ki nemi kuka, ki riƙe shi, ki haɗiye, shi zai ƙwace da kansa. Don kar a ɓata min lokaci ne na gaya mata, ina son in tashi da wuri.

Ta yi. Sau ɗaya aka ɗauka.

Da aka tashi, ina tattara kayana, ta zo gabana ta ja mayafi ta rufe kai, ta sunkuyo kamar yadda ake sunkuya wa manya a gida a jira su dafa kai. A gaban Jahanzeb, a gaban Liyakat, babu kyamara, babu wanda ya ce ta yi. Na so in ce ke, ni sa'ar uwarki ce?

Hannuna ya riga bakina. Na dafa kanta, ɗumi. Na ji kaina ina cewa, "Allah ya raya ki, 'yata." Ban san daga ina maganar ta fito ba, ba ta cikin takarda.

A tasi na yi ta jiran baƙin cikin ya zo. Har muka iso gida ina jira.

Yarinyar ta rame da yawa, abincin kwali take ci kullum. Na ƙwanƙwasa wa Ammi na ce gobe ta ƙara hannu a dal, miyar waken nan tata, zan tafi da shi wurin aiki. Ta cikin ƙofa ta ce, "Na wa?" Na ce nawa ne, yunwa nake ji kwanan nan.