Ka Zo Kafin Su Gano Gurbin Duwatsu

Zuwa ga yayana Dogara, a barikin soja,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da iyali. Mama tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi. Ni ina nan Kafanchan da aikin koyarwa, amma duk Asabar nakan je gida Godogodo in duba ta.

Saƙonka ya iso, cewa za a sallame ka daga soja bayan Kirsimeti, a sauko maka da sandar fatsarka daga rumbu. Na sauko da ita, na goge. Sai dai, Yaya, ban san abin da za ka kama da ita ba.

Tun shekarar fari mutane suka koyi zuba maganin ƙwari na gona a rafi. Da ji nake a bakin mutane, sai Asabar ɗin da ta wuce na gani da idona. Na sauka wanki a gurbin nan na gindin maɗaci, inda kake zama, na tarar ruwan ya yi fari fat da cikin kifi. Tarwaɗa, karfasa, kurungu, har ƙananan da ba su kai ɗan yatsa ba. Kwaɗi ma sun mutu. Mata na kwasa a kwano suna guɗa, ni kuwa ina tsaye da sabulu a hannu, warin maganin yana hawa mini kai. Da yamma 'ya'yan maƙwabciyarmu biyu suka yi ta amai. Allah ya tsare, sun tashi.

Ka tuna yadda Baba yake yi. Babban su, wato kamun kifi na gayya, sau ɗaya ne a shekara, sai dattawa sun ba da izini. In ka kamo ƙarami yakan ce, "Wanda bai kai tafin hannu ba, mai da shi wurin uwarsa." Kana fushi kana mayarwa.

Ka tuna kuma hutun da ka zo bayan yaƙi. Ba ka magana da kowa. Ko ƙofa ta buga sai ka zabura. Mama ta yi kuka har ta gaji, Fasto ya zo ya yi addu'a ya tafi. Rafin nan ne kaɗai ya iya da kai. Nakan kai maka kunu in same ka shiru, idonka a kan zare. Ranar da ka ciro wata tarwaɗa cikinta cike da ƙwai, ka zare ƙugiyar a hankali ka sake ta, ta watsa maka ruwa a fuska, ka yi dariya. Da gudu na koma gida na gaya wa Mama cewa ɗanta ya dawo.

Na yi iya ƙoƙarina, Yaya. Na je wurin dagaci, ya ce mini kifi na Allah ne, ba ya ƙarewa. Na roƙi Fasto ya yi sanarwa a majami'a, ya yi, kowa ya sunkuyar da kai, domin kowa ya ci. Abin da ya fi ƙona mini rai, mai zuba maganin ba baƙo ba ne. Ayuba ne, ɗan Kawu Yohanna, wanda ka koya wa ɗaura ƙugiya. Na same shi a gida. Bai musa ba. Ya buɗe mini rumbunsa, ba komai a ciki sai ƙaiƙayi, ya ce, "Malama, ki ba ni dawa in bar kifi." 

Ni da mata biyu na zumuntar matan majami'a muka bi rafin muna tsintar waɗanda ke da sauran numfashi, muka zuba a tulu, muka hau da su can sama, gurbin da ke tsakanin duwatsu, inda maganin bai kai ba. Da yawa sun mutu a kanmu kafin mu isa. 'Yan kaɗan da suka rage suna nan suna motsi. Amma rani yanzu ya fara. Ruwa zai ja, kifin ƙasan rafi ya riga ya ƙare, kuma Ayuba ya san hanyar duwatsun kamar yadda ka san ta.

Don Allah kada ka jira Kirsimeti. Ka nemi hutu ko na kwana kaɗan ne. Ayuba yana jin nauyinka, dattawa kuma za su saurare ka yadda ba su saurare ni ba. Ina tsoron abin da ganin rafin zai yi maka, na rantse ina tsoro, amma ba ni da wani sai kai.

Ubangiji ya kawo mana kai lafiya. Ya kau da idon Ayuba daga gurbin nan har ka iso, ya kuma ba shi abin da zai ba 'ya'yansa, domin su ma namu ne. Amin.

Ƙanwarka,
Rifkatu