Kafin Baket Ta Tsufa

Maris

Lakay, mijina Crisanto,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya. Yaya sanyin ƙasar taku, da tarin da ka ce yana damunka?

Ka shirya dariya. Ina wurin taron malamai a garin Vigan takarda ta iso gida daga ofishin biza. Nanang, uwata sarkin zumuɗi, ta kai wa Manong Berto direba ya karanta mata. Da ya ga "an amince" bai ƙarasa layin ba. Kafin in dawo an yanka akuya, makaranta ta shirya walimar ban kwana, 'yan ajina sun haddace waƙa. Ana cikin cin nama na karanta takardar: kai aka amince wa ka ɗauki nauyina, takardar neman bizata kuwa ko buɗe ta ba a yi ba. Na dubi yaran, na ninke takardar.

Na ajiye aikin duk da haka, tunda ka ce abin ba zai daɗe ba. Na saya maka busasshen kifi da tafarnuwar garinmu, na ɗaure akwati.

Taka,
Baket ɗinka, Remedios

Oktoba

Lakay,

Ina gaishe ka da kewa. Ina fata aikin masana'anta bai karya maka baya ba.

Kifinka mun cinye shi, don ya fara wari. Na sake zuwa Manila, wuni guda a mota, matar da ke bayan gilashi a ofishin biza ta ce ana dubawa. Na tambaye ta me ake dubawa, ta kira na bayana. Gwajin lafiyar da na yi ya tashi aiki, wai sai na sake.

Kasuwa ta zame mini wurin kunya. Manang Pacing mai kifi tana hango ni take ɗaga murya: "A'a, 'yar ƙasar waje! Yaushe aka sauka? Ina tsarabarmu?" Jiya na ce mata jirgin ne ya yi faci. Aka yi dariya, na dawo gida na rufe ƙofa. Nanang kuwa cewa take, "Ni dai a biya ni akuyata."

Yara suna zuwa da yamma ina koya musu karatu a baranda. Su kaɗai ba sa tambayata ranar tafiya. In ka ji yadda wata ƙarama ta haɗa jimlarta ta farko, da ka gane abin da na ajiye.

Kullum kana rubuta mini in yi haƙuri. Ina yi, Lakay. Amma akwai abin da haƙuri ba ya tsayarwa.

Taka,
Baket

Mayu

Mijina Crisanto,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah Ya sa wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Ka zauna kafin ka karanta.

Ka tuna ranar aurenmu, da ka fara kirana Baket na kira ka Lakay, muka yi ta dariya? A yarenmu kalmar da ake kiran matar aure ita ake kiran tsohuwa, ta miji kuma ita ce ta tsoho. Shekara da shekaru ina koyar da yara kalmomi, ban taɓa jin tsoron wata ba sai wannan.

Bayan na sake gwajin lafiyar, na biya wurin likitar mata don kaina. Ta dubi shekaruna, ta ce, "Malama, kin kusa arba'in. In kuna son haihuwa, kada ku jira takarda." Na ce mijina yana bayan teku. Ta ce, "To, ni ba ni da maganin teku."

Na san hujjarka. Kana tsoron in ka ɗauki hutu mai gidanka ya ba wani gurbinka, masu biza kuma su ce ba ka da abin riƙe ni. Ban raina wannan ba. Amma takarda in ta lalace ana sake ta, na sake guda da hannuna. Wannan da likita ta faɗa ba a sakewa.

Na kwance akwatin. Shugabar makaranta ta ba ni aji uku daga watan gobe, na karɓa. Ba fushi na yi ba, kuma ban fasa zuwa ba. In masu bizar sun kira, za su same ni a gaban allo.

Abu ɗaya nake roƙo: ka zo gida Kirsimeti, ko na mako biyu ne. Kada ka aiko kwalin kaya, kai nake so. Nanang ta ce ba za ta yanka komai ba sai ta taɓa ka da hannunta.

In ka jira su, za ka iso ka kira ni Baket kamar kullum, kuma ba za ka yi kuskure ba. Sai dai ba wadda kake nufi za ta amsa ba.

Taka har kullum,
Baket, yau dai da ma'anar farko,
Remedios